FETUR MAI GAURAYE DA ITANOL: KO YA DACE DA MOTAR SUKUWA?



Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne wata tambaya da ta ta da ƙura a Ingila cikin shekarar 2021, sa'ad da gwamnatin ƙasar ta sake irin fetur ɗin da a ke sayarwa a gidajen mai. Tambayar kuwa ita ce: in an gauraya fetur da wani ruwa da a ke kira itanol, shin mai motar sukuwa ya iya zuba shi a tankinsa hankali kwance, ko kuwa zai ɓata masa inji? Wani ya ce ina ruwan hakimi da gardamar Turawa a kan motocin ƙawa. To, da ruwansa, gama da yawa daga cikin motocin da a ke shigowa da su ƙasar nan daga ƙasashen Turawa su ke fitowa, fetur ma an daɗe ana kawo shi ta teku, kuma ran da mai ya ɓata wa mutum mota, ƙofar hakimi na cikin wuraren farko da za a kai kuka.

Da farko sai a san abin da a ke nufi da motar sukuwa. Watau ƙaramar mota ce mai kwanciya ƙasa-ƙasa, galibi kujerunta biyu, wadda aka ƙera domin gudu da jin daɗin tuƙi, ba domin ɗaukar iyali ko kaya ba. Matsayinta cikin motoci kamar na ingarman hawan salla ne cikin barga. Ta bambanta da motar tsere, wadda ba ta hawa hanyar jama'a sam, sai filin da aka keɓe mata. Cikin waɗanda suka yi suna akwai MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, har fiye da rabin miliyan. Akwai Jaguar E-Type da ta fito daga Coventry cikin 1961. Akwai kuma Porsche ta Jamus. Irin wannan mota tana da hali biyu da ya kamata a riƙe, gama duk maganar a kansu ta ke tafe. Injinta yana matse iska da mai da ƙarfi fiye da na motar haya. Sa'an nan ba kullum a ke hawanta ba, ta kan yi makonni ko watanni a gareji an lulluɓe ta.

Shi kuwa itanol ruwa ne garai, a ido ba a bambanta shi da ruwan sha. Ana samunsa daga rake, ko masara, ko alkama, ko rogo: a jiƙa, a bari ya yi tsami, sa'an nan a dafa a tare tururinsa. Babu amfanin ɓoyewa, shi ne ainihin abin da ke sa maye cikin giya. Amma wanda a ke yi domin mota ana ɓata shi da gangan tun a ma'aikata, a zuba masa ɗan fetur ko wani abu mai guba domin kada ya shawu. In an gauraya shi da fetur a kan rubuta harafin E da lamba a jikin famfon gidan mai. E5 shi ne fetur mai itanol har kashi 5 cikin 100, E10 kashi 10, E15 kashi 15. E85 kuwa itanol ne ya rinjayi fetur a ciki, wannan mai ne dabam, za a zo kansa.

Abin ba sabo ba ne. A Ingila kanta wani kamfani mai suna Cleveland ya sayar da fetur mai gauraye da itanol, wanda a ke kira Discol, tun shekarun 1930 har cikin shekarun 1960, masu motocin sukuwa na zamanin nan kuwa suna sonsa. Barazil ta kafa shirinta na itanol daga rake cikin 1975, bayan tsadar mai ta 1973 ta gigita ta. Cikin 2015 ta kai gaurayen fetur ɗinta kashi 27, cikin Agusta 2025 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. A Amurka, inda masara ce tushensa, kusan duk fetur ɗin da a ke sayarwa E10 ne. Dalilan gwamnatoci su ne rage sayen mai daga waje, da sama wa manomi kasuwa, da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Duk da haka jama'a ba su karɓe shi da sauƙi ko'ina ba. Da Jamus ta kawo E10 a farkon 2011, masu motoci suka ƙaurace masa, suka yi ta rububin mai mai tsada, har gwamnati ta kira taro na musamman cikin watan Maris na shekarar. Laifin bai wuce rashin bayani ba: ba a gaya wa mutane sarai wace mota za ta sha, wace ba za ta sha ba. Ingila ta ɗauki darasi. Da ta mai da E10 fetur ɗin yau da kullum cikin Satumba 2021, sai ta yi shela cewa duk motar fetur da aka ƙera daga 2011 zuwa sama ta dace da shi, haka ma yawancin waɗanda aka ƙera tun ƙarshen shekarun 1990, jimla wajen kashi 95 cikin 100 na motocin fetur da ke kan hanya. Ta kuma bar E5 a kasuwa, a famfon babban mai mai lamba 97 zuwa sama, domin tsofaffin motoci.

To, me ya ke faruwa cikin inji? Nan ne mutane da yawa su ke zaton abin da ba haka ba. Su kan ɗauka tun da motar sukuwa tana da tsada, injinta kuma yana aiki da zafi, lalle ita ce za ta fi cutuwa. A gaskiya ta wannan fuska itanol taimako ya ke yi mata.

Ga yadda abin ya ke. Fistin yana hawa cikin silinda ya matse iska da mai, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bazu a tsanake ta tura fistin ƙasa. In man ba mai jure matsi ba ne, sai wani sashe nasa ya fashe da kansa tun harshen wutar fulogi bai kai gare shi ba. Direba ya kan ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman a kan tudu ko sa'ad da ya taka totur da ƙarfi. In abin ya daɗe ya kan cinye kan fistin, har ya huda shi. Ma'aunin jurewar mai ga wannan matsi shi a ke kira oktan, shi ne lambar nan 95 ko 97 ko 98 da a ke gani a famfunan Turai. Itanol tsantsa oktan ɗinsa ya kai wajen 108, watau ya fi kowane fetur na kasuwa. Shi ya sa matatun mai su ke amfani da shi wajen ɗaga lambar fetur, aikin da a dā dalma ke yi kafin a hana ta saboda gubarta. Har wa yau, in itanol zai zama tururi ya kan zuƙe zafi fiye da ninki biyu na abin da fetur ke zuƙewa, saboda haka iskar da ke shiga silinda ta kan yi sanyi, sanyin kuwa yana ƙara hana fashewar nan.

Masu tseren motoci sun san wannan tun da daɗewa. A babban tseren Indiyanafolis na Amurka, bayan mummunar gobarar 1964 wadda ta ci ran direbobi biyu, Eddie Sachs da Dave MacDonald, an bar fetur aka koma wani ɗan'uwan itanol mai suna mitanol, cikin 2007 kuma aka koma itanol. Tseren NASCAR ya kama shan E15 cikin 2011. Motocin Formula 1, waɗanda babu injin da a ke wahalarwa kamar nasu, E10 suka sha daga 2022 zuwa 2025. Wani kamfanin Suwidin mai suna Koenigsegg ya fitar da mota cikin 2007, CCXR, wadda in ta sha E85 ta kan ba da ƙarfin doki 1,018, alhali 'yar'uwarta mai shan fetur 806 ta ke bayarwa. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara cewa itanol man raggwayen motoci ne ba.

Amma fa akwai wani tarko a nan, shi ne ya kama mutane da yawa a Ingila. E10 ɗin da a ke sayarwa can lambarsa 95 ce, gama matata ta riga ta lissafa taimakon itanol, ta haɗa shi da fetur mai ƙaramar lamba. Motocin sukuwa da yawa kuwa 98 maƙeransu suka rubuta musu. Mutum ya zuba mai lamba 95, ya ji motar ta yi nauyi, sai ya ɗora wa itanol laifi, alhali ƙarancin oktan ne. Injin zamani yana da wata 'yar na'ura mai sauraron ƙarar nan ta tsakuwa. Da ta ji, sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi domin ta tsare injin, ƙarfi kuwa ya ragu. Saboda haka lambobi biyu ne a jikin famfo, kowace da aikinta, kuma ga sabuwar motar sukuwa lambar oktan ta fi lambar E muhimmanci nesa. A lura kuma Amurka ba ta ƙidaya oktan yadda Turai ke yi. Abin da Amurka ta kira 91 ya yi daidai da wajen 95 na Turai, 93 kuwa wajen 98. Wanda ya sayo mota daga Amurka ya karanta littafinta da wannan a ransa.

Hasara ɗaya tabbatacciya ce, ba ta da girma. Litar itanol ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, ta gaza da wajen sulusi. Saboda haka E10 ya gaza fetur tsantsa da wajen kashi 3 cikin 100: tankin da ke kai mutum mil 300 zai tsaya wajen mil 290. Wanda ya iya sayen Porsche ba wannan ne zai hana shi barci ba.

Inda magana ta ke da nauyi shi ne tsofaffin motoci, irin su MGB da E-Type da tsararrakinsu. Wajen sulusin nauyin itanol iskar nan ce da wuta ke ci da ita, watau yana zuwa da tasa iskar. Fetur tsantsa yana bukatar iska awo 14.7 ga kowane awo ɗaya na mai domin ya ƙone sarai, itanol awo 9 kaɗai, E10 kuwa wajen 14.1. Motar zamani tana da wata na'ura a bututun hayaƙi mai shinshinar abin da ke fita, ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta ƙara mai ko ta rage cikin ƙiftawar ido. Direba ba ya ma sanin an yi. Tsohuwar mota kuwa kafireto gare ta, shi kuma ba ya ji ba ya gani, yadda aka saita shi haka zai yi ta bayarwa. In an ba shi E10 sai iska ta yi wa mai yawa kaɗan, injin ya ƙara zafi, ya riƙa shaƙewa in an taka totur, bawul kuma su wahala. Wannan gyaransa da sauƙi. Kafireton SU da ke kan MGB yana da noti a ƙarƙashinsa wanda makanike zai juya ya ƙara mai, aikin da bai kai awa guda ba ga wanda ya san hannunsa.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kayan da mai ke bi ta cikinsu daga tanki zuwa inji. Itanol yana narkar da abubuwan da fetur ba ya taɓawa. Tsohuwar robar tiyo ta kan kumbura ta yi laushi, in ta bushe kuma ta tsattsage. Haka robar da ke cikin famfon mai, da ɓawon itacen nan da a ke toshe kwalba da shi, wanda maƙeran dā su ke sawa a mahaɗar ƙarafa. Tankin da aka yi da zaren gilashi da ƙaro, irin na waɗansu tsofaffin babura da jiragen ruwa, shi kam narkewa ya ke yi daga ciki, ƙaron ya bi mai ya tafi inji. Sa'an nan duk dattin da ya shekara arba'in kwance a gindin tanki, itanol ya kan ɓamɓaro shi ya tura shi gaba, ya toshe rariyar mai da ƙananan ramukan kafireto. Toshewa dai tsayawa ce a hanya, a kira makanike. Tsagewar tiyo kuwa gobara ce. A injin MGB kafireto biyun suna zaune ne daidai bisa bututun hayaƙi, faranti ɗaya ne tsakaninsu, ɗigon mai kaɗan a wurin nan ya isa ya cinye motar da mai ita ya shekara yana tattali.

Sai dai a yi wa itanol adalci. Tiyon da ya shekara talatin a jikin mota ya riga ya mutu, ko da me aka zuba masa. Itanol gaggauta jana'izarsa kawai ya yi. Akwai tiyo na zamani wanda aka yi domin irin wannan mai, ana gane shi da rubutun SAE J30 R9 a jikinsa, akwai kuma robar da a ke kira Viton domin famfo da kafireto. Kuɗinsu duka bai kai na taya biyu ba. Mutumin da ya sake waɗannan, ya wanke tanki, ya sa sabuwar rariya, ya saita kafireto, ya kawar da mafi yawan abin tsoro. Wanda bai yi ba, shawarar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na Ingila ita ce ya tsaya a kan E5. In kuwa ya yi kuskure ya zuba E10 sau ɗaya, ba sai an zubar ba, ya ƙone shi a hanya, in ya tashi sake shan mai ya koma nasa. Ɓarnar ta yau da gobe ce.

Saura hali na biyu na motar sukuwa, watau yawan zama, shi ne kuwa ya shafi tsohuwa da sabuwa duka, ko da ya ke ya fi tsanani ga tsohuwa. Fetur ba ya haɗuwa da ruwa, kowa ya san wannan. Itanol kuwa son ruwa gare shi kamar gishiri, har daga iska ya kan jawo laima. In kaɗan ne babu laifi, ya kan riƙe ruwan ya tafi da shi inji a ƙone, ta haka ma yana share tanki. Amma riƙon yana da iyaka. E10 ba ya ɗaukar ruwa fiye da wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, watau a tanki mai lita 50 wajen kofin shayi guda ke nan, in gari ya yi sanyi kuma abin da ya ke iya riƙewa ya kan ragu. Da an wuce iyakar nan sai man ya rabu biyu. Itanol ya saki fetur ya bi ruwa, su kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Mai mota ya zo bayan wata huɗu ya murɗa makulli, abin da zai fara isa inji ruwa ne da itanol, ba zai tashi ba. Fetur ɗin da ya rage a sama kuma ya rasa abin da ke ɗaga masa oktan, ya zama mai rauni, irin wanda injin sukuwa ya fi ƙi. Ruwan da ke kwance kuwa yana nan yana cin tankin ƙarfe da tsatsa, yana cin tutiya da tagulla da alminiyam na kafireto, har a buɗe a tarar da wani farin gari kamar toka.

A Ingila wannan ya fi faruwa da hunturu, gama ana zuba gishiri a hanyoyi saboda ƙanƙara, masu motocin ƙawa kuwa su kan kulle su tun daga kaka har bazara don gudun tsatsa. Motar tasi da ke shanye tankinta kowace rana ba ta san wannan ciwo ba, man bai daɗe ba balle ya sha laima. Tankin motar zamani a rufe ya ke ruf, iska ba ta shiga sai kaɗan, na tsohuwa kuwa yana da hancin da ya ke numfashi dare da rana. Maganin da aka sani shi ne, in za a ajiye mota fiye da wata biyu, a cika tanki fal da mai mafi ƙarancin itanol da a ke samu, domin kada a bar wa iska wuri. In ajiyar ta shekara ce, a tsiyaye tanki da kafireto ƙaf. Akwai magungunan da a ke sayarwa cikin 'yan kwalabe a zuba a tanki. Masu kyau daga cikinsu suna rage tsatsa, amma babu wanda ke fitar da itanol daga mai, babu kuma mai rayar da mataccen tiyo, kome abin da aka rubuta a kwalbar. Mafi sauƙin magani shi ne a riƙa fita da motar ana zagayawa, yadda a ke yi wa doki kilisa.

Game da sababbin motoci, shekara kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an duba abin da maƙerin ya faɗa. Kamfanin BMW ya ce duk motocinsa na fetur sun iya shan E10 kome tsufansu, muddin an kiyaye lambar oktan. Porsche ya yarda da shi ga motocinsa daga samfurin 1998, Boxster kuwa daga 1997, amma ya ware Carrera GT, wadda ta fito bayan shekarar 2000, tana kuwa cikin mafiya tsadar abin da ya taɓa ƙerawa. Haka kuma waɗansu injuna na farkon shekarun 2000, na farko-farkon masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, an ware su, domin famfonsu na alminiyam ne wanda itanol ke ci in zafi da matsi sun yi yawa. Amsar kowace mota tana cikin littafinta, sau da yawa ma an rubuta ta a bayan murfin tanki. Malamin da aka kawo wa tambaya ya fara da cewa a ɗauko littafin.

Duk abin da aka faɗa a kan E10 ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yarda da E15 ga ƙananan motoci samfurin 2001 zuwa sama, ta hana shi ga babura da jiragen ruwa da ƙananan injuna, amma maƙera da dama sun tsaya a kan kashi 10 cikin littattafansu, maganar maƙeri kuwa ita ce abin bi. E85 sai motar da aka ƙera dominsa, irin waɗanda Barazil ta fara fitarwa cikin 2003 masu shan kowane gauraye. Yana bukatar a ƙara yawan man da ke shiga inji da wajen sulusi, abin da kwamfutar motar da ba a shirya ba ba za ta iya ba. Samarin da ke jin labarin ƙarfin dokin da E85 ke bayarwa su sani sai an sake famfo da bututu da saitin kwamfuta tukuna.

A Nijeriya gwamnatin tarayya ta fitar da tsari cikin 2007 wanda ya yi nufin a riƙa gauraya fetur da itanol kashi 10, daga rogo da rake. Amma abin da jama'a suka fi tunawa shi ne na Fabrairu 2022, sa'ad da kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwa cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da mitanol. Motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, layi ya yi tsawo a gidajen mai makonni. Tun daga nan waɗansu in sun ji an ce gauraye sai gabansu ya faɗi. Ya kamata hakimai su raba wa mutane abu biyun nan. Mitanol ya fi itanol cin ƙarfe da roba ƙwarai, ya fi shi saurin rabuwa da fetur in ya ga ruwa, maƙeran motoci kuwa sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Gaurayen da aka auna aka rubuta a jikin famfo dabam, wanda aka shigo da shi ba a faɗa ba dabam. Motar da aka sayo daga Amurka ta riga ta shekara da shekaru tana shan E10 kafin ta hau jirgi.

Yanayin ƙasar nan ma yana sake lissafin. Da rani iska a bushe ta ke, laimar da mai zai sha kaɗan ce, sai da damina. Amma zafin bazara yana kawo nasa: itanol kaɗan cikin fetur ya kan sa man saurin zama tururi, saboda haka tsohuwar mota mai kafireto in ta yi gudu aka kashe ta da tsakar rana, man ya kan tafasa cikin bututu, ta ƙi tashi sai ta huce. Ruwa kuwa ba daga iska kaɗai ya ke shiga ba. Duro da jarkar masu sayar da mai a bakin hanya, da tankin gidan mai da ruwan sama ke yoyo a ciki, sun isa su kawo kofin shayin nan a zubi ɗaya.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda kowane malami zai iya yi in an kawo ƙara. A sami kwalba fara, doguwa, siririya, mai murfi. A zuba ruwa wajen kashi ɗaya cikin goma na tsawonta, a yi alama daidai inda ruwan ya tsaya. A cika sauran da fetur ɗin da a ke tuhuma, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye minti goma. Ruwa zai koma ƙasa. In ya tsaya a kan alamar, man nan babu gauraye. In ya haura alamar, to akwai, gama ruwan ya janye shi daga cikin fetur, gwargwadon hawan kuwa gwargwadon yawansa. Gwajin ba ya bambanta itanol da mitanol, wannan sai ɗakin awo na hukuma, saboda haka in hawan ya yi yawa a rufe wani samfurin man cikin kwalba mai tsabta, a rubuta rana da wurin da aka saya, a aika da shi tare da takarda. A yi gwajin a fili, nesa da murhu da fitila da mai shan taba. Kada kuma wani ya ga haka ya ce zai riƙa wanke fetur ɗinsa da ruwa don ya raba shi da itanol, kamar yadda waɗansu masu tsofaffin motoci suka gwada a Ingila, gama abin da zai rage masa fetur ne mai ƙaramar lamba, ga kuma bokitin ruwa mai kama wuta da zai rasa inda zai zubar.